Buhu Nawa Motar UTV Ke Iya Ɗauka? Yadda Ake Lissafin Lodi Mataki-Mataki

Masu manyan gonaki, masu kula da rukunin gidaje da masu aikin gini suna yawan tambaya game da ƙananan motocin nan da ake kira UTV, masu kujeru gefe da gefe da ɗan bodi a baya, irin su Polaris Ranger, Can-Am Defender, Kawasaki Mule, Honda Pioneer, Kubota RTV da John Deere Gator. Kusan kullum tambayar guda ce: buhu nawa za ta ɗauka? Dillali yakan ce rabin tan, ya wuce. Bai yi ƙarya ba gaba ɗaya, amma wannan adadin na bodi ne kawai, kuma akwai wasu adadi biyu da kan rage shi tun kafin a ɗora buhun farko. Ga yadda ake fitar da ainihin abin da motarka za ta ɗauka a ranar aiki.

Abin da za ka tanada

Littafin motar, sikelin da ake hawa a auna nauyin jiki ko na rataye, tef na awo, gejin taya mai karanta ƙaramar iska, jak, sifana na daidaita shokozoba, da ɗamarun ɗaure kaya masu makulli aƙalla huɗu. 

1. Nemo adadi uku a jikin motar

Akwai sitika ta gargaɗi a cikin bodi, ko kusa da kujerar direba, ko a jikin ƙarfen da ake maƙala tirela. Da Turanci ake rubuta ta, kuma yawanci da laba ake auna nauyin, wato inda ka ga lb. Ka raba da 2.2 ka samu kilo.

Na farko shi ne iyakar bodi, wanda ake rubuta wa Box ko Cargo Bed Capacity. Wannan kayan da ke kwance a baya kaɗai yake nufi.

Na biyu shi ne Payload, jimillar duk abin da motar ke ɗauke da shi: direba, fasinjoji, kayan bodi, duk wani ƙarfe da aka ƙara mata bayan ta bar masana'anta, da nauyin da bakin tirela ke dannawa a bayanta. Wannan ne adadin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi yanke hukunci.

Na uku shi ne Towing, nauyin da za ta ja a tirela, haɗe da nauyin tirelar kanta.

Don ka san ajin da motarka take, ga adadin da kamfanoni suka bayar na wasu sanannu. Ranger 1000 da Defender HD10 suna ɗaukar kilo 454 a bodi, jimilla 680, su ja 1,134. Ranger 570 mai matsakaicin jiki tana ɗaukar 227 a bodi, jimilla 454, ta ja 680. Pioneer 700 tana da 454 a bodi, ta ja 680. Yamaha Viking 272 a bodi, ta ja 680. Kubota RTV-X900 mai injin dizal 500 a bodi, amma 590 kawai take ja. Ƙaramar Mule SX kuwa 181 ne a bodi. Babbar Ranger XD 1500 ta kai 680 a bodi kaɗai.

Gargaɗi: kada ka yi aiki da adadin da ka gani a talla ko a motar maƙwabci. Suna ɗaya kan zo da adadi daban bisa shekara da kasuwar da aka ƙera wa motar. Misali, Ranger 1000 da aka yi don jihar Kalifoniya kilo 272 aka rubuta wa bodinta, ba 454 ba. Saboda haka sitikar da ke jikin taka ce hujja.

Idan sitikar ta goge kuma babu littafi, nemi lambar jikin motar a kan ƙashin ƙarfenta, ka sauko da littafin shekararta daga shafin kamfanin. A ciki akwai GVWR, wato iyakar nauyin mota da kayanta baki ɗaya. Cika tanki, ka kai ta babban sikelin da ake auna manyan motoci a masana'antar shinkafa ko wurin fasa dutse, ka auna ta ba kowa a ciki. Ka cire abin da sikeli ya nuna daga GVWR. Ragowar ita ce jimillarka ta gaskiya, kuma wannan hanya ta fi kowace inganci domin ta riga ta haɗa da duk ƙarafan da mai motar na baya ya ƙara. Kada ka yi lissafin da nauyin da aka rubuta wa Dry Weight, domin babu mai a cikinsa, kuma tankin lita 43 na fetur kaɗai ya haura kilo 30.

2. Cire mutane da ƙarafa daga jimilla

Ɗauki mota mai jimilla 680 da bodi 454. Direba kilo 80, yaron mota 70. Saura 530. An sa mata rufi, gilashin gaba, winci da ƙatuwar bamba, a ce kilo 60. Saura 470. Akwai safayar taya, jak da akwatin sifanu, kilo 20. Saura 450. Da mutum biyu ke nan, kuma tuni ka sauka ƙasa da adadin bodi. Buhun siminti tara za ta ɗauka, babu na goma.

Mutum na uku ya shigo gaba, saura 380: buhu bakwai. Ka maƙala tirela da ke danna kilo 70 a baya, saura 310: buhu shida. Motar ba ta canja ba, amma buhu uku sun tafi.

Ƙa'idar a nan ita ce ka kwatanta ragowar jimilla da iyakar bodi, ka bi wanda ya fi ƙanƙanta. Ko da direba shi kaɗai ne kuma ragowar ta kai 600, bodi ba zai wuce 454 ba, saboda ƙarfin daben bodin, maratayansa da aksil na baya ne aka auna.

Gargaɗi ga masu mota mai layin kujeru biyu: a wasu, buɗe kujerar baya yana cinye rabin bodi. Mule Pro-FXT tana ɗaukar kilo 454 idan an naɗe kujerar baya, amma 159 kacal idan an buɗe ta don mutum shida. Kubota RTV-X1140 tana sauka daga 500 zuwa 300. Wanda ya kwaso ma'aikata biyar da buhunan taki shida a Mule ɗin a tafiya guda ya kusa ninka iyakar bodinsa.

3. San nauyin abin da za ka ɗora

Ido ba ya auna nauyi. Buhun siminti da na takin zamani kilo 50 ne. Babban buhun masara ko dawa kilo 100 ake ƙiyasta shi, kuma wanda aka yi wa cika har da hula yakan zarce, don haka ka rataya guda a sikeli kafin ka fara. Ruwa kilo ɗaya ne a kowace lita: jarka mai lita 25 ta kai 26, durom mai lita 200 ya kai 220 idan an haɗa da ƙarfensa. Dizal kilo 0.84 ne a lita, fetur kusan 0.74.

Ke nan mota mai bodi 454 za ta ɗauki manyan buhunan hatsi huɗu, ko durom biyu na ruwa, ko jarka 17. Mai bodi 227 kuwa buhun hatsi biyu, ko taki huɗu, ko durom ɗaya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne yashi, tsakuwa, jar ƙasa da ɗanyen takin gida, domin ana zubawa ne har sai bodi ya cika. Bodin Ranger 1000 yana da tsawo santimita 93, faɗi 138, zurfi 32, wato kusan kubik mita 0.4. Busasshen yashi yana kai kilo 1,600 a kubik mita. Idan an cika shi daidai baki, kilo 650 ke nan. Jiƙaƙƙen yashin da aka ɗebo daga rafi yana kai 1,900 ko fiye, sai lodin ya doshi 800. Saboda haka a busasshen yashi kashi biyu cikin uku na zurfin bodi ne iyaka, a jiƙaƙƙe kuma rabi da ɗan kaɗan. Ka auna wurin, ka ja layi da fenti a cikin bodi, yadda duk mai riƙe da shebur zai san inda zai tsaya ko ba ka nan. Wannan layin fenti ya fi kowace huɗuba amfani a wurin aiki.

Bulo ba ya da nauyi guda, ya danganta da gidan da aka buga shi da yawan ruwan da ya sha. Auna uku, ka ɗauki mafi nauyi, ka raba.

Gargaɗi: tankin nan mai lita 1,000 da ke cikin kejin ƙarfe ba na bodin UTV ba ne ko da ya shige. Cike ya haura tan ɗaya. Rabin cika kuma ya fi haɗari ta wata fuskar, domin ruwan yana kaɗawa gefe a kwana, ya tura motar gaba idan an taka birki. Durom ɗaya cike taf ya fi biyu rabi-rabi zama lafiya.

4. Daidaita taya da shokozoba tun bodi na wayam

Auna iska da safe kafin taya ta ɗumi. Tayoyin waɗannan motoci ƙaramar iska suke sha, yawanci tsakanin 10 da 20 a ma'aunin psi, kuma sau da yawa ta baya ta fi ta gaba. Adadin yana jikin sitika ɗaya da ta lodi, wasu kamfanonin ma sun ba da adadi na musamman don cikakken kaya. Gejin mai faci na gefen titi an yi shi don tayar mota mai shan 30 zuwa 35, ba ya karanta ƙaramar iska daidai, kuma idan ba ka tsaya a kansa ba zai cika maka ita fiye da kima. Bambancin psi biyu tsakanin hagu da dama ya isa ya sa mota mai kaya ta riƙa ja gefe.

Duba gefen kowace taya, akwai iyakar nauyin da za ta ɗauka. Idan an taɓa canja tayoyi da wasu masu laushi na babur mai ƙafa huɗu, to su ne sabuwar iyakarka, ba sitika ba.

A jikin shokozoba na baya akwai zobe mai hawa-hawa, sau da yawa biyar, ko mai zare kamar noti. Ɗaga bayan motar da jak, ka juya zoben ya ƙara matse sifirin. Hagu da dama su tsaya a mataki ɗaya.

Gargaɗi: matse sifirin ko sayen mai ƙarfi yana hana baya zama ƙasa ne kawai. Bai ƙara ko kilo ɗaya a iyakar motar ba, domin birki, boris, aksil da ƙashin motar suna nan yadda suke. Masu sayar da kayan ƙari ba sa cika faɗin wannan.

Kafin lodi, sa tef ka auna daga ƙasa zuwa ƙarfen tirela, ka rubuta.

5. Jera kayan

Tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen fili, sa giya a P, ja birkin hannu idan tana da shi, ka tabbatar makullin bodi ya kama. Mafi nauyi ya fara shiga, a ƙasa, a matse da bangon gaba na bodi, a tsakiya. Kayan da ke gaban aksil na baya suna raba nauyinsu ga tayoyi huɗu. Waɗanda ke bayansa kuwa suna ɗaga gaban motar, sitiyari ya yi sakayau, birkin gaba ya rasa riƙo, a hawa kuma gaba ya nemi tashi.

Tsayi ma lissafi ne. Waɗannan motoci suna da tsayin ƙafa da ƙarancin faɗi, kusan mita ɗaya da rabi, don haka duk abin da ya haura bangon bodi yana ƙara mata saurin kifewa. Kilo 300 na harawa da aka tara ya wuce rufi ya fi kilo 400 na siminti a kwance haɗari. Idan dole kaya su yi tsayi, rage nauyin da kashi ɗaya cikin uku.

Ɗaure da ɗamara a zobban da ke daben bodi, biyu a tsaye biyu a gicciye. Durom a kwantar ko a tsayar a matse da gaba, a sa masa katako ya hana shi birgima. Dabba ba ta zama wuri ɗaya, sai da keji da aka ɗaure, kuma a ɗauki ƙasa da iyaka.

Gargaɗi: murfin baya ba dabe ba ne. A Defender kilo 113 aka ba shi, na wasu bai kai haka ba. Kada a buɗe shi a jera buhu a kai don ƙara tsawo. Kuma ba a ɗaukar mutum a bodi, babba ko yaro, ko tafiyar ta kusa ce. Babu bel na kujera a can, kuma ƙarfen kariyar da ke kewaye da kujeru bai rufe wurin ba.

6. Sake aunawa kafin ka tayar

Mayar da tef wurin da ka auna ɗazu. Zama na 'yan santimita daidai ne. Amma leƙa shokozoba: idan sandarsa ta kusa shigewa har ta taɓa robar ƙarshe, babu sauran abin da zai shanye rami, duk bugu zai tafi kai tsaye ga ƙashin motar. Sauke kaya. Haka idan tayar baya ta baje sosai a gindi, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya zama, ko fitilun gaba sun kalli sama. Tsohuwar mota da sifirinta ya gaji za ta nuna waɗannan alamu tun kafin ta kai adadin sitika, kuma a nan alamun za ka bi.

7. Idan da tirela

Adadin ja ya haɗa da tirelar kanta. Tirela mai kilo 250 a bayan mota mai jan 680 ta bar maka 430. Sa kusan kashi 60 cikin 100 na kayan a gaban aksil na tirelar, yadda bakinta zai danna kimanin kashi 10 cikin 100 na jimillar nauyinta, ba tare da ya wuce adadin da aka rubuta a jikin ƙarfen maƙalawa ba. Don aunawa, ɗora bakin tirelar a kan guntun katako bisa sikelin jiki, a tsayin da take zama idan an maƙala ta. Idan bakin ya yi sauƙi, tirela za ta riƙa wutsil-wutsil. Idan ya yi nauyi, gaban motar zai ɗaga. Abin da sikelin ya nuna kuma ka koma mataki na 2 ka cire shi.

Gargaɗi: a ƙarfen tirela kaɗai ake maƙalawa, ba a bamba ko ƙarfen rufi ba. Ka kuma tuna motar da aka ce tana jan 1,134 ita kanta kusan 700 take. A fili za ta ja. A gangara, tirela marar birki ce za ta tura ta. A ƙasa mai tudu da kwari ko mai santsi, rabin adadin ya isa.

8. Tuƙi da kaya

Sa ƙaramar giya, wato L, duk lokacin da kake ɗauke da kaya mai nauyi, ko kana ja, ko kana hawa, ko tafiyar ba ta kai kilomita 15 a awa ba. Yawancin waɗannan motoci da bel na roba suke juyawa tsakanin kuloci biyu. A babbar giya da ƙaramin gudu, kuloci ba ya matse bel ɗin sosai, sai ya riƙa zamewa, ya yi zafi, ya ƙone wuri guda. Alamarsa warin ƙonanniyar roba, sai fizga-fizga a lokacin tashi. A zafin watan Afrilu da Mayu wannan ya fi saurin faruwa. Kubota RTV-X900 da Honda Pioneer ba sa amfani da irin wannan bel, amma su ma ƙaramar giya ce ta lodi idan motar tana da ita, saboda man giya kada ya yi zafi.

Idan ta maƙale a taɓo ko yashi, kada ka yi ta danna totur tayoyi ba sa juyawa. Daƙiƙu kaɗan sun isa su cinye bel. Sauke rabin kaya tukun.

Littattafan Polaris sun ce kada a wuce kilomita 16 a awa idan ana jan kaya, kuma kada a hau ko a sauka gangarar da ta fi digiri 15, wato tashin kusan mita ɗaya a tafiyar mita huɗu. Hau a miƙe, sauka a miƙe, kada ka ratsa gangara ta gefe da kaya. A wasu motoci masu bel, idan ka cire ƙafa daga totur gaba ɗaya a gangara, kuloci yana sakewa, injin ya daina riƙe motar. Ka sauka a L, da ɗan totur kaɗan da birki a hankali. Rage gudu tun kafin kwana, ba a cikinta ba, ka kuma ninka tazarar tsayawa.

Sabuwar mota ko sabon inji a bar shi da ƙaramin kaya a awanni 25 na farko. A ɗaura bel na kujera, a rufe ƙofa ko raga, a sa hular kwano.

9. Juyewa da duba bayan aiki

A shimfiɗaɗɗen fili ake juye bodi, giya a P. Buɗe murfin baya tukun, ka tsaya a gefe, sannan ka ja hannun makulli. Idan nauyin ya taru a baya, bodin zai tashi da ƙarfi ya iya bugun mai ja. Idan jiƙaƙƙiyar ƙasa ce ta manne a gaba, rage ta da shebur maimakon mutum uku su taru suna ɗagawa. Kada a sa hannu ko kai a ƙarƙashin bodin da ke sama ba tare da an tokare shi ba, kuma kada a tuƙa kafin an sauke shi makulli ya kama.

Motar da ke aiki kusa da iyakarta kullum tana buƙatar dubawa duk mako. Ɗaga kowace taya da jak, riƙe ta sama da ƙasa ka girgiza. Idan tana motsi ko ƙara, boris ko bushin ya tafi. Duba robobin da ke rufe gaɓoɓin aksil, domin da zarar ɗaya ta yage ƙura ta shiga, gaɓar ba ta daɗewa. Duba notocin taya, kaurin takalmin birki, yoyon mai a jikin shokozoba, da tsagewa a walda kusa da inda shokozoba na baya da maratayan bodi suka kama ƙashin motar. Buɗe murfin bel duk bayan awa 50, ka hure ƙura, ka nemi wurin da ya yi sheƙi ko ya sirance. Idan ka ga haka, canja shi a gida, ka ajiye tsohon a akwatin sifanu don ranar da sabon zai tsinke a cikin gona.